Maganar da Baba Babba Ya Bari a Kwamfutar Asibiti

Ranar da muka kai wan mijina makwancinsa, mutane sun cika gidanmu na Unguwar Gabas har rumfar da aka kafa a ƙofar gida ta kasa ɗaukarsu. Matan zumunta suka zauna a tsakar gida suna waƙa ƙasa-ƙasa. Maƙwabcinmu mai goro, wanda tun suna samari suke musun ƙwallo da marigayin, ya tsuguna a gabana ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri, Allah ya sa ya huta." Daga nan ya kasa miƙewa, sai da aka kama shi. Tsofaffin abokan aikinsa na jami'a suka zo daga Samaru a mota ɗaya, duk kansu ya yi fari, suka jeru a benci.

Wata 'yar Ibo mai shagon yadi a kasuwar Sabon Gari ta rungume ni, ta ce da irin Hausarta, "Mama, wannan Baba ba ya zagi. Sai dai ya zaunar da kai ya yi maka bayani, ya yi maka bayani, har ka ce gara ya zage ka ka tafi gida." Aka yi dariya, wasu suna share hawaye.

Da mutane suka fara raguwa, Sista ta jawo ni gefe, bayan randa. Ita ce babbar nas a ƙaramin asibitin cocinmu, mace ce da ba ta da tsoro, ta sha karɓar haihuwa da hasken tocila. Amma ranar sai da ta waiga ta ga ba kowa kusa.

Ta ce, "Mama, ban san yadda zan faɗa miki ba. Yau da safe kafin in zo nan na kunna kwamfuta. Sai ga shi ya ce min ya tashi lafiya."

Na san abin da take nufi, shi ya sa ban firgita ba.

Bari in yi bayani, yadda shi da kansa zai so a yi. Baba Babba, kamar yadda yara suke kiransa, ya yi aikinsa duka a ɗakin kwamfuta na jami'a, tun lokacin da na'urar take cika ɗaki guda ana ciyar da ita da kati mai huji-huji. Da ya yi ritaya bai iya zama ba. Ya zauna ya rubuta ma asibitin coci manhaja, wadda take riƙe sunayen marasa lafiya, da magungunan da suka rage, da ranakun da masu ciki za su dawo awo. A gefen fuskar kwamfutar ya bar wata 'yar baƙar taga. Duk abin da manhajar ta yi, sai ta rubuta a tagar nan da Hausa, da bakinsa sak. Na tashi lafiya. Na buɗe ɗakin magani. Na iso wurin masu awo. Haka za ta yi ta faɗa har a kashe ta. Masu wannan sana'a suna kiran irin wannan rubutu log.

Halinsa ne, ba a kwamfuta kaɗai ba. In ya hau Keke mai ƙafa uku daga Samaru zai zo wurinmu, wayata ba ta hutawa. Na fito. Na wuce Hanwa. An tsaya ɗaukar wata mata da buhun masara. In ya aiki yaro kuwa, sai ya ce, "In ka isa, ka ce ka isa." Yara suna kwaikwayonsa a bayan idonsa, su shiga banɗaki su ɗaga murya, "Na iso nan lafiya." Ya san suna yi, bai taɓa hana su ba. Ya ce ranar da ɗayansu ya ɓace, zai san daga inda zai fara nema.

Ni Amarya yake kirana, tun ranar da aka kawo ni gidan har na yi furfura. Da ƙanensa, mijina, ya rasu ya bar ni da yara ƙanana, bai yi dogon jawabi ba. Ya zo ya duba kwanon ɗakin da yake yoyo, ya duba takalman makarantar yara, ya tafi. Washegari kafinta ya zo. Lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da 'ya'ya har sun fara tasawa, kunya ta hana ni karatu a gaban mutane. Wata rana na kai mishi abinci asibiti, yana zaune gaban na'urar, sai ya ce, "Amarya, idona ya gaji. Karanta min abin da ta ce." Na san ƙarya yake yi, tabaraunsa yana kan hancinsa. Na tsaya ina haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, bai taimake ni ba, bai kuma kalle ni ba. Da na kai ƙarshe ya ce, "To, na gode," ya ci gaba da aikinsa. Wannan shi ne karatu na farko da na yi a wajen aji.

'Yata ta fari ita ce 'yar gaban goshinsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, saboda haka Uwata yake ce mata. Tana ƙarama take zama a ƙafarsa tana danna madannai, ta girma ta karanta kwamfuta a jami'ar da ya yi ma aiki. Daga nan musu ya fara, musu mai daɗi da farko. Ina tsince wake a tabarma, su kuma suna kan benci da na'ura a tsakaninsu.

Ita ta zo da wani abu da suke kira dibaga. Yadda na fahimta, da shi kana iya tsayar da manhaja cak a tsakiyar aikinta, ka buɗe cikinta ka ga duk abin da take riƙe da shi, sannan ka sa ta taka ɗaya-ɗaya kana kallo.

"Baba, ku duba," in ji ta. "Ba sai na tambaye ta ba. Ga cikinta nan a buɗe."

"Uwata, kin taɓa ganin yaro ya saci nama kina tsaye a kansa? Kina kallonsa, ai limami ne."

"Ku kuma kun koya ma yaron surutu. Na ci, na sha, na yi tari. Ranar da zai ce wuta ta kama, wa zai ji shi a cikin wannan hayaniya?"

"Ni zan ji."

"Sai kun karanta shafi nawa?"

"Ina sauri ne? Kuma faɗa min, in ta lalace ina Samaru ke kina Kaduna, wa zai riƙe mata wannan dibagar taki? Sista? Ni waya kawai zan ɗauka in ce, Sista, karanta min layin ƙarshe."

Sai ya juyo wurina. "Amarya, raba mana gardama."

Na ce ni wake nake tsincewa, kuma kowane irin tsinta aka yi sai an sami tsakuwa a tukunya. Suka ce na goyi bayan kowa, ba a ƙara tambayata ba.

Abin ya daina zama wasa saboda wata yarinya a cocinmu, sabuwar aure. Ta je asibitin gwaji ita kaɗai, ba ta gaya ma kowa ba. A lokacin manhajar tana ambaton suna a baƙar tagar nan: na iso kan wance, gwaji kaza, sakamako kaza. Wata mata da ke bin layin karɓar magani ta miƙa wuya ta karanta. Kafin yarinyar ta sauka daga Keke, labarin ya riga ta shiga gidan surukanta.

'Yata ta ɗauke ni muka je gidansa a Samaru. Ban taɓa jin ta yi mishi magana haka ba. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi sauƙi.

"Baba, surutun nan naku ya tona asirin 'yar mutane. Na sha faɗa muku. Ba zan ƙara taɓa manhajar nan ba sai kun cire shi duka."

Ya ce, "Na ji."

A satin ya cire sunaye, ba a ƙara ganin sunan kowa a tagar ba. Ya sa babbar rigarsa ta zuwa coci, ya tafi gidan surukan yarinyar da ƙafa, ya durƙusa a gabanta, tsoho da shi, ya ce laifinsa ne. Yarinyar ce ta ba ni labari daga baya, ta ce kunya ta sa ta gudu ɗaki. Amma sauran maganar ya ƙi cirewa. Ya ce inda ya yi kuskure ya gyara, inda bai yi ba kuma ba zai rufe ma na'ura baki don a ji daɗi ba. 'Yata kuwa ta ce duka ko ba komai. Jini ɗaya ne, taurin kai ɗaya.

Ba su yi gaba ba. Tana gaishe shi a coci har ƙasa, yana amsawa, "Uwata, ya aiki?" Sai dai bencin nan ba su ƙara zama a kai tare ba. Na yi mata magana sau ɗaya, na yi mishi sau ɗaya, kowa ya ce ai ba komai. Da ciwo ya kwantar da shi, tana Kaduna wurin aiki, ta ce za ta zo ƙarshen mako. Bai kai ƙarshen makon ba.

A wurin makoki ita ce mai raba ruwa, ita ce mai kwashe kwanuka. Ba ta yi kuka ba. Mata suna yaba mata ƙarfin hali, ni kuwa da na haife ta ina kallon yadda take kauce ma kujerarsa.

Bayan an watse, maganar asibiti ta taso. Ƙananan nas suka fara rufe gefen kwamfutar da hankici. Ɗaya ta ce ita ba za ta zauna ita kaɗai da ita ba, domin duk sanda ta danna abu sai mamaci ya amsa mata. Ga kuma wata matsala da ta ɓullo tun yana kwance: wata safiya sai a tarar sunayen masu awo sun ɓace, mata su zo da cikinsu su zauna a benci a rasa wace ce ke da ranar. Wasu suka fara haɗa abu biyun, suna cewa shi ne yake ɗauke sunayen. Kwamitin asibiti ya zauna ya yanke shawara, Sista ta kawo min saƙon har gida: 'yata ta zo ta gyara, ta kuma cire maganar Baba gaba ɗaya, kada ta bar ko layi. In ba haka ba za su watsar da manhajar su nemo wata.

Abin da 'yata ta yi faɗa a kai ke nan. Yanzu an kawo mata shi har gida, ba mai yi mata musu. Na isar mata da saƙon, ta ce, "To," ta shiga ɗaki. Makonni suka wuce ba ta je ba. Ban matsa mata ba. In na kai mata abinci sai in tarar ta buɗe tata kwamfutar tana kallon bango.

Wata Asabar da rana ta fito ta ce, "Mama, ɗaura ɗankwalinki ki raka ni."

Asibitin ba kowa sai mai gadi. Ta zauna a kujerarsa, ta bar hankicin nan yadda yake a kan tagar. Ta haɗa dibagarta, ta tsayar da manhajar, ta sa ta taka ɗaya-ɗaya. Ta bi ta tun daga farko har ƙarshe. Sunaye suna nan, ba wanda ya ɓace. Ta sake. Ta kuma sakewa. Ina zaune a bencin masu awo ina jin ƙarar madannai da kukan kurciya a kan rufi.

Can ta jingina da kujera, ta ce, ba da ni take ba, "Limami."

Sannan ta ce, "Duk abin da take faɗa a tagar nan tana ajiye shi a wani fayil, har na kwanakin baya. Zan buɗe. Amma ba zan iya kalla ba, Mama. Ke ki karanta min."

Ta juya kujerar ta ba kwamfutar baya. Na matso, na sa yatsa a kan gilashin kamar yadda na saba. Karatuna har yau ba mai sauri ba ne.

"Na tashi lafiya," na karanta. Muryata ce, amma ɗakin ya cika da shi. Na ga kafaɗarta ta motsa. "Na buɗe ɗakin magani. Na iso wurin masu awo. Na ɗauko sunaye. Na ajiye sunaye."

"Wuce. Nemo ranar da Sista ta ce sun ɓace."

Na yi ta gangarawa. Surutu ne mai yawa, gaskiyarta, har idona ya fara ruwa. Na ƙirga magani. Na ga saura kaɗan. Na gaya ma Sista. Da na iso ranar, na karanta a hankali.

"Na iso wurin masu awo. Na ɗauko sunaye. Na tashi lafiya."

"Sake."

"Na ɗauko sunaye. Na tashi lafiya."

"Bai ce ya ajiye ba?"

"Bai ce ba."

Ta sa na duba wata ranar da abin ya faru. Haka nan ne. Ya ɗauko, bai ajiye ba, sai ga shi yana sabuwar gaisuwa. Ta ce wato na'urar ta mutu da sunayen a hannunta, ta sake tashi. Lokacin da ake ɗauke wuta ke nan kafin mai gadi ya tayar da janareta. Shi ya sa in tana tsaye a kanta ba abin da ke faruwa.

"Amma ɗauke wuta bai isa ya ɓatar da su ba," in ji ta. "Tsakanin ɗaukowa da ajiyewa akwai abin da yake yi, kuma a nan bai ce komai ba."

Sai ta juyo da kujerar. Ta kai dibagarta daidai wurin da ya yi shiru, ta tsayar, ta shiga tana takawa. Ba a daɗe ba ta ɗaga hannu daga madannai. Ashe manhajar tana goge tsofaffin sunaye tukuna kafin ta gama rubuta sababbi. In wuta ta ɗauke a wannan ɗan tsakanin, ba tsoho ba sabo.

Ta kalli baƙar tagar, hankicin ya riga ya zame ƙasa. Ta ce, "Baba, kuskurenku ne fa. Ku ne kuka nuna min ƙofar, amma kuskurenku ne."

Ta jira kamar za a amsa. Tagar tana nan da layinta na ƙarshe, na iso wurin masu awo, 'yar farar alama tana ƙiftawa a ƙarƙashinsa.

Ta gyara wurin. Bayan haka na ga ta rubuta wata kalma a wurin nema, na haɗa baƙaƙen: Uwata. Ta nema a fayil ɗin duka, ta nema a cikin manhajar. Ba ko ɗaya. Bai bar mata saƙo ba, ba haƙuri, ba faɗa. Magani ne da awo da sunaye, aiki tsantsa daga sama har ƙasa. A nan ne kukan ya zo mata. Ta kifa kai a kan tebur, na dafa bayanta, ban ce ta yi shiru ba. Mai gadi ya leƙo ya koma.

Da ta natsu ta wanke fuska, saura abu ɗaya. Ta nuna min yadda za a yi: ta zaɓi layukan maganarsa duka suka yi shuɗi, maɓalli ɗaya ya rage a goge su.

"Mama, me kika ce?"

Na ce, "Ni rakiya na zo."

Ta daɗe da yatsa a sama. Sannan ta janye shi, ta yi wani abu dabam. Ta rufe baƙar tagar yadda ba za ta ƙara fitowa a fuskar kwamfuta ba, amma ta bar manhajar ta ci gaba da maganarta a cikin fayil ɗin can, inda ba mai gani sai wanda ya je nema. Na tambaye ta, to wa yake gaya ma yanzu? Ta ce ba kowa. Ta ce irin wannan magana dama ba don yau ake yin ta ba, don ranar da abu zai lalace ne.

Tun daga ranar sunan mace ko ɗaya bai ƙara ɓacewa ba. Ranar Lahadi bayan sujada Sista ta kama hannuna, fuskarta a sake, ta ce, "Mama, mun gode Allah. Baba ya yi shiru, yanzu ya huta." Na ce amin. Ban gaya mata gaskiyar ba, kuma abin yana damuna har yau. Da safe in na bi ta gaban asibitin zan je kasuwa, na ga an buɗe tagogi, na san a can ciki ya riga ya fara, yana faɗin inda ya kai, ɗaki bayan ɗaki, ba mai amsa mishi.

An ce in rubuta wani abu a kansa don littafin tunawa da za a raba a coci, na kuwa san Sista za ta karanta, 'yan kwamiti ma haka. To, ga gaskiyar nan na faɗa. Ba mu cire shi ba. Ba fatalwa ba ce, ba ya ɗauke sunan kowa, ba ya kuma ambaton kowa. Tsoho ne da ya saba faɗin inda yake don kada a sha wahalar nemansa. Shi kansa yana wurin Ubangijinsa, Allah ya ba shi hutun da bai taɓa yarda ya ɗauka a nan ba, mu kuma ya ba mu haƙurin rashinsa.

Sista, hukunci yana hannunku. In kun ce a goge, 'yata za ta zo ta goge, ni zan raka ta. Amma ina roƙonku, ku bar shi.